Neman kalmar Hausa: yadda cuta ke barin dabba ta kama mutum

Mai shirya shirin rediyo, Kano:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina da shiri a kan asalin cutar korona da zai fita ranar Juma'a da daddare, kuma edita yana jiran rubutun kafin azahar ɗin Alhamis. Kalmomi biyu ne suka gagare ni. Ta farko ita ce "spillover", wato lokacin da ƙwayar cutar da ta saba zama a jikin dabba ta samu hanyar shiga jikin ɗan Adam. Ta biyu ita ce "lab leak", wato zaton cewa ƙwayar daga ɗakin gwaje-gwaje ta fito. Duk rigimar da ake yi tun da cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disambar 2019 a kan waɗannan biyun take: wasu suna nuna kasuwar Huanan da aka rufe ranar 1 ga Janairun 2020, inda ake sayar da namun daji da ransu, wasu kuma suna nuna cibiyar binciken ƙwayoyin cuta da ke cikin birnin. Tsorona shi ne in zaɓi kalmar da za ta yanke hukunci a kunnen mai saurare alhali masu binciken kansu ba su yanke ba. Ina neman agajinku.

Mai fassara, Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Ga ta farko, "malalowa" ce ta fara zo mini, tun da hoton da ke cikin kalmar shi ne na ƙwarya da ta cika har abin cikinta ya zubo. Ana iya cewa "tumbatsa" ma.

Likitar dabbobi, Sakkwato:
Yallaɓai mai fassara, hoton ya yi daidai da Turancin, amma bai yi daidai da abin da ke faruwa ba. Mai saurare zai ji malala ko tumbatsa sai ya tuna ambaliyar Maiduguri ta 2024, ya ɗauka cuta ce mai yawa ta kwararo lokaci ɗaya. Abin da muke gani a wurin aiki kuwa ƙarami ne ƙwarai: ɓera ya yi fitsari a kan hatsin da aka shanya, mutum ɗaya ya ci, zazzaɓin Lassa ya kama shi, ko mai kiwo ya yi hulɗa da raƙumi mai mura, kamar yadda ya faru da cutar numfashin da aka gano a Saudiyya a 2012, ko mai figar kaji ya taɓa kazar da murar tsuntsaye ta kashe. Sau da yawa ma cutar a kan mutum na farkon take tsayawa, kamar haukan kare, wanda ba ya bi daga mutum zuwa mutum yadda mura take bi. Saboda haka kalmar da muke nema bai kamata ta yi alkawarin annoba ba. Ni "tsallakowa" nake cewa idan ina yi wa makiyaya bayani, domin akwai shinge tsakanin jikin dabba da namu, kuma wasalin nan na ƙarshen "tsallako" ya riga ya nuna cewa wajenmu ta nufo.

Malamin Hausa, Zariya:
Hajiya ta kama hanya, amma "tsallakowa" suna ɗan aikatau ne, yana bukatar a ja masa jela kullum: tsallakowar cuta daga dabba zuwa mutum. Kalma shida ke nan a inda Bature ya faɗi ɗaya. Na daɗe ina ba da shawarar "tsallakau", kuma ɗalibaina sun karɓe ta ba tare da gardama ba. Tsarin ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, domin muna da sanƙarau daga sanƙare, muna da ƙanjamau daga ƙanjame, kuma kowa ya san yadda ƙanjamau ta zauna daram har tsohuwar ƙauye ta san abin da ake nufi. Idan gidan rediyo ɗaya ya riƙe "tsallakau" wata uku, sauran za su bi.

Likitar dabbobi, Sakkwato:
Malam, Allah ya ƙara sani. Kalmar tana da daɗin faɗa, sai dai misalan da ka kawo duk sunayen cututtuka ne. Sanƙarau ita ce cutar da ke sanƙarar da wuya, ƙanjamau ita ce cutar da ke ƙanjamar da jiki. Idan aka ce tsallakau, za a ɗauka wata sabuwar cuta ce ta ɓullo, ko kuma a mafi kyawun hali a fahimce ta a matsayin sunan rukunin cututtukan da ke tsallakowa, irin su Lassa da Ebola. Ɗan'uwanmu kuwa sunan aukuwar yake nema, ba sunan cutar ba.

Malamin Hausa, Zariya:
Amfani ne ke ba kalma ma'ana, Hajiya, ba ƙira kaɗai ba. Kuma ko da na yarda da ke, ai riba biyu ke nan: a ce "cututtukan tsallakau" ga rukunin, a ce "an samu tsallakau" ga aukuwar. Ban ga inda mai saurare zai ɓata ba. Abin da ke hana mu ci gaba shi ne duk wanda ya ƙirƙiro kalma sai a taru a nemo aibinta, amma idan ta waje ce sai a haɗiye ta ba tauna.

Tsohon ɗan jarida, Kaduna:
A kan wannan magana ta ƙarshe ina tare da Malam ɗari bisa ɗari. Ku dubi yadda muka yi da sunan cutar kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta raɗa mata suna ranar 11 ga Fabrairun 2020, ta ayyana ta a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris, mu kuwa da harshenmu da miliyoyin masu jin sa muka ƙare a kan "korona" kamar ba mu da bakin raɗa suna. Kakanninmu sun sa wa agana suna, sun sa wa ƙyanda, sun sa wa shan inna, makiyaya sun sa wa cutar shanun nan bushiya. A zamaninmu ba a barin labari ya fita da kalmar da ba a tace ba. Yaran yanzu da ke ɗakunan labarai ba sa buɗe ƙamus, kuma wannan abin yana ci mini rai matuƙa.

Likitar dabbobi, Sakkwato:
Baba, a yi mini afuwa, amma an gwada raɗa mata sunan gida, kuma mu ma'aikatan lafiya muka ɗanɗana kuɗarsa. A farkon 2020 wasu kafofin labarai sun riƙa kiran ta "murar mashaƙo". Da cutar maƙogwaron nan mai kashe yara ta ɓarke a Kano da Yobe a 2023, ita ma mashaƙo aka kira ta, sai ga iyaye suna tambaya ko koronar ce ta dawo, alhali cututtuka ne daban, rigakafinsu ma daban. "Korona" baƙuwa ce, amma ba ta taka sawun kowa ba.

Mai fassara, Maraɗi:
Na janye "malalowa", hujjar Hajiya ta gamsar da ni. Amma akwai abin da ya kamata in faɗa. Kullum idan ana irin wannan shawara sai a yi ta kamar Turancin Ingilishi ne kaɗai ƙofar da ilimi ke shigowa Hausa, kuma abin da Kano da Zariya suka amince da shi shi ne Hausa. Mu nan daga Faransanci muke fassara, kuma su "saut d'espèce" suke cewa, wato tsalle daga wani jinsin halitta zuwa wani. Wannan ya nuna "tsallakowa" ba ta dogara da Turanci ba, ta dace da ma'anar kanta. Masu sauraron gidajen rediyon Kano suna nan har Damagaram da Tawa, don haka ya kamata a riƙa tambayar mu kafin a zartar, ba bayan an zartar ba. Ni da zan so a ce "tsallaken jinsi".

Malamin Hausa, Zariya:
Daidaitacciyar Hausa ba mallakar Kano ba ce, yarjejeniya ce ta rubutu, kuma masanan Nijar suna cikin tarukan da aka yi a kanta. "Tsallaken jinsi" kuwa ba za ta yiwu ba ko kaɗan. Jinsi a bakin jama'a a yau namiji da mace ne, a aji ma haka muke koyar da shi a nahawu. Ka faɗi wannan a rediyo da daddare, kafin gari ya waye an juya maganar zuwa wani abu dabam da ba ka nufa ba.

Tsohon ɗan jarida, Kaduna:
Jinsi ma ai Balarabiya ce. Me ya hana a ce "iri"?

Mai fassara, Maraɗi:
Baba, "annoba" da muke ta faɗa tun ɗazu ita ma daga Larabci ta zo, haka "lafiya", haka "likita" da ta bi ta wata hanyar ta shigo daga Turanci. Idan za a kori baƙin kalmomi, shirin nan ba zai samu ko take ba. Batun jinsi kuwa na karɓi gyaran Malam, ko da yake ban karɓi cewa ana sauraron mu a tarukan yadda ya kamata ba.

Mai shirya shirin rediyo, Kano:
Iyayena da malamaina, na gode, amma dare ya yi kuma har yanzu ba wanda ya taɓa kalma ta biyu, wadda ita ce ta fi hana ni barci. Ga dalili. Tawagar Hukumar Lafiya ta Duniya da ta je Wuhan a farkon 2021 ta ce fitowa daga ɗakin gwaje-gwaje abu ne mai matuƙar wuya, sai shugaban hukumar, Tedros, ya ce ba a rufe kowace ƙofa ba. A Amurka hukumar FBI ta karkata ga ɗakin gwaje-gwaje, CIA ma ta bi sahu a Janairun 2025 amma ta ce tabbacinta kaɗan ne, wasu hukumomin leƙen asirin kuma sun karkata ga dabba. Kwamitin masanan da Hukumar Lafiya ta kafa ya ce a watan Yunin 2025 hujjojin da ke hannu sun fi rinjaya ga dabba, amma ƙasar Sin ba ta ba da bayanan da za su sa a kawar da ɗaya zaton ba. Ita kuwa Sin ta musanta, har jami'anta suka riƙa nuna yatsa ga sojojin Amurka da kayan abinci masu ƙanƙara da aka shigo da su. A cikin wannan hali, idan na ce "an sako cutar" na zama mai gabatar da ƙara. Na rubuta "yoyo", na goge.

Likitar dabbobi, Sakkwato:
Gara da ka goge. Yoyo na rufin ɗaki ne da bokiti, abu ne mai ci gaba da ɗiga, kuma a asibiti kalmar tana tuna wa mata wata lalura mai ciwo da bai dace a haɗa ta da wannan ba. Abin da masu wannan zato suke nufi haɗari ne irin wanda ya taɓa faruwa: a 1978 agana ta kama wata ma'aikaciya a jami'ar Birmingham ta Ingila ta kashe ta, a 2004 kuma cutar numfashi ta SARS ta kama masu bincike a wata cibiya a Beijing. Ba wanda ya yi niyya a duka biyun. Ina ganin "suɓucewa" ce kalmar, kamar yadda ake cewa suɓutar baki: abin yana hannunka, ya fita ba da sonka ba.

Mai fassara, Maraɗi:
Ko "kuɓucewa". Sai dai kuɓuta tana ɗauke da ƙanshin tsira, kamar ƙwayar fursuna ce da ta samu 'yanci, "sulalewa" kuma tana ba ta wayon ɓarawo. Na goyi bayan "suɓucewa". Ina ba da shawara ka raba wa masu sauraro abu uku tun daga farkon shirin, domin a kasuwa an cakuɗa su: ta tsallako daga dabba, ta suɓuce wa masu bincike, an ƙera ta da gangan don a cutar da mutane. Na ukun nan hukumomin leƙen asirin Amurka kansu sun ce a rahotonsu na 2021 ba makami aka ƙera ba, amma shi ne ya fi yawo a WhatsApp.

Tsohon ɗan jarida, Kaduna:
"Suɓucewa" Hausa ce tsantsa, ba ni da ja. Amma "ɗakin gwaje-gwaje" bai taɓa kwanta mini ba, domin mai saurare zai tuna inda ake ɗibar jininsa a asibitin unguwa, alhali ana maganar babbar cibiya ce mai matakan tsaro. Ka ce "cibiyar bincike". Kuma ɗana, kada ka kira ta cutar Sin ko cutar Wuhan yadda Trump ya riƙa yi. Garin Lassa na jihar Borno yana ɗauke da sunan zazzaɓi tun 1969, mutanensa ba su ji daɗin hakan ba, kuma tun 2015 Hukumar Lafiya ta ba da shawarar a daina sa wa sabuwar cuta sunan gari.

Mai shirya shirin rediyo, Kano:
Na ji, Baba, ba zan kira ta haka ba. Ga abin da zan miƙa wa edita: "tsallakowa daga dabba" da "suɓucewa daga cibiyar bincike", kowace da kalmar "zaton" a gabanta duk inda ta fito. Wurare biyu dole in bar "ɗakin gwaje-gwaje", saboda ina maganar ɗakin ne kansa ba cibiyar ba. Malam, ka yi haƙuri, ba zan iya sa "tsallakau" a wannan karon ba, domin minti ashirin da biyar gare ni kuma ba zan samu sararin bayyana sabuwar kalma ba.

Malamin Hausa, Zariya:
Shirinka ne, kuma "suɓucewa" ta yi, ban da abin cewa a kanta. "Tsallakowa daga dabba" kuwa bayani ne, ba suna ba, kuma ranar da za ka rubuta kanun labari mai kalma biyar za ka dawo neman gajeriya. Zan ci gaba da koyar da "cututtukan tsallakau" ga rukunin, tun da ko Hajiya ba ta musa wannan ba.

Likitar dabbobi, Sakkwato:
Ga rukunin ban musa ba, Malam, amma sai na gwada ta a kan makiyaya ranar kasuwar Acida na ji abin da za su fahimta kafin in sa ta a takardar wayar da kai.