Me ke hana rundunonin ƙawance tafiya da murya ɗaya a bakin daga?

Sabo Mai Bincike:
Assalamu alaikum. Duk lokacin da na karanta tarihin yaƙin da aka yi da haɗin gwiwar ƙasashe, sai in tarar da rundunonin da ke ɓangare ɗaya suna zargin juna da jan ƙafa, wani lokacin ma har suna yi wa juna luguden wuta bisa kuskure. Ina roƙon masana su fayyace mini: girman kan janar-janar ne ke jawo haka, ko kuwa akwai wata matsala a cikin tsarin ƙawancen kansa?

Malam Garba:
Wa alaikumus salam, Malam Sabo. Girman kai yana da kaso mai tsoka. A yaƙin tsibirin Sisili na Italiya a 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Janar Alexander na Birtaniya, jagoran sojojin ƙasa na ƙawancen a can, ya karɓe wata babbar hanya daga hannun sojojin Amurka ya miƙa wa Montgomery na Birtaniya, abin da ya fusata Janar Patton na Amurka ƙwarai, har ya ɗauki shiga birnin Messina kafin Birtaniyawa a matsayin batun mutuncin sojan Amurka. Ya kuwa riga su shiga ranar 17 ga Agusta, amma kafin nan sojojin Jamus da na Italiya fiye da 100,000 sun riga sun tsallake mashigin ruwa da kayan yaƙinsu. Abin da Janar Mark Clark na Amurka ya yi a Italiya a shekarar da ta biyo baya ya fi wannan muni a ganina. An umarce shi ya nufi garin Valmontone ya datse wa Jamusawa hanyar ja da baya, sai ya karkatar da mafi yawan ƙarfinsa zuwa Roma domin kada wani ya riga shi. Ya shiga birnin ranar 4 ga Yuni 1944, rundunar Jamus ta goma ta kuɓuta, kuma bayan kwana biyu sojojin ƙawancen suka sauka a Normandy ta Faransa, hankalin duniya ya koma can.

Hajiya Asabe:
Malam Garba, misalanka daidai ne, sai dai ina ganin idan aka ɗora laifin a kan halin mutum ɗaya ko biyu, za a bar jijiyar matsalar. Kowane kwamanda a cikin ƙawance yana da gwamnatin da zai koma ya yi wa bayani, kuma abin da gwamnatinsa ke tsoron rasawa ba shi ne abin da ƙawarta ke tsoron rasawa ba. Da Jamus ta ƙaddamar da babban farmakinta ranar 21 ga Maris 1918, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta auna kusa da mahaɗar sojojin Birtaniya da na Faransa ne. Hankalin Haig, kwamandan Birtaniya, yana kan tasoshin jiragen ruwa da ke haɗa shi da Ingila, hankalin Pétain, kwamandan Faransa, kuma yana kan Paris, don haka idan kowa ya ja da baya zuwa ga abin da yake karewa, tsakaninsu zai buɗe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babu wanda ya ci amanar wani a cikinsu. Sai da aka zauna a garin Doullens ranar 26 ga Maris aka ɗora wa Janar Foch na Faransa alhakin daidaita su, wato bayan fiye da shekara uku ana yaƙi kafaɗa da kafaɗa ba tare da jagora ɗaya ba.

Ɗanladi T.:
Ina goyon bayan Hajiya, kuma zan ƙara da abin da ke faruwa a ƙasa. Ana ja wa kowace runduna layi a taswira, ba ta tsallake shi, ba ta harba igwa ƙetarensa sai da izinin maƙwabciyarta, kuma izinin nan sai ya hau sama zuwa hedikwata, ya tsallaka, sannan ya sauko. Wanda ke cikin rami yana ganin abokan gaba suna wucewa da idonsa, amma ba shi da ikon taɓa su. A watan Agusta 1944 Janar Bradley na Amurka ya tsayar da sojojinsa a garin Argentan na Faransa, kusa da iyakarsu da ɓangaren Montgomery, yana gudun kada su yi karo da 'yan Kanada da ke gangarowa daga arewa, kuma ta giɓin da ya rage tsakaninsu kusa da garin Falaise dubban Jamusawa suka fice. Tsoron nasa ba na banza ba ne. A daren 11 ga Yuli 1943, jiragen ruwa da masu igwa na ƙawancen sun buɗe wa jiragen saman Amurka 144 masu ɗauke da sojojin laima wuta a Sisili, suka kakkaɓo 23, saboda sanarwar zuwansu ba ta isa ga kowa ba, ga shi kuma jiragen Jamus ba su daɗe da kai musu hari ba.

Sabo Mai Bincike:
Na gode ƙwarai. Amma ashe gasar ba ta da wani amfani? Ina jin ana cewa tana zaburar da soja.

Hajiya Asabe:
Tana zaburarwa, Malam Sabo, kuma akwai shugabannin da suka hura ta da gangan. A watan Afrilu 1945 Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya bar iyakar da ke tsakanin kwamandojinsa Zhukov da Konev a buɗe daga garin Lübben, domin kowannensu ya sa rai shi zai ci Berlin. Da Zhukov ya ga ya maƙale a tuddan Seelow, sai ya tura rundunonin tankokinsa tun lokacinsu bai yi ba, suka cunkushe hanyoyi tare da sojojin ƙasa a gaban igwogin Jamus. An ci birnin a farkon watan Mayu, amma sojojin Tarayyar Sobiyet kusan 80,000 ne suka mutu ko suka ɓace a wannan farmaki, kuma a cikin unguwannin Berlin an kai matsayin da dakarun Konev suka riƙa kai hari a wuraren da mutanen Zhukov suka riga suka shiga.