Neman shawara: na taɓa saitin motar tserena ranar Juma'a da daddare, ranar Asabar ta juye da ni a kwanar Paddock Hill

Mai MX-5:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin mota ku taimaka min, tun ranar Lahadi abin nan yake cina a rai. Ina zaune a Ingila, bara na samu lasisin tseren mota na 'yan sha'awa, irin wanda ba biyanka ake ba kai ne kake biya, ka ɗora motarka a tirela ranar Juma'a ka koma aiki Litinin. Motar Mazda MX-5 ce ta farkon fitowa, ƙirar 1991, inji 1.6, ƙafar baya ke ja, nauyinta bai kai tan ɗaya ba. Har yanzu da baƙin kuros ɗin nan mai rawaya a bayanta alamar sabon shiga, saura sa hannu biyu na jami'an tsere in cike shida in cire shi.

A filin tseren Brands Hatch mukayi, gajeren zagayen da ake kira Indy, mil 1.2 ne kacal kuma yawancin kwanoninsa na dama ne. Ranar Juma'a wajen gwaji nayi daƙiƙa 59.6, ban taɓa sauka ƙasa da minti ɗaya ba sai ranar, amma a kwanar Druids da ta Clearways gaban motar turewa yake, ina murza sitiyari tana miƙewa kamar bata ji ba, sai na ɗaga ƙafa na jira ta. A fitar ƙarshe kuma na hau kan dakalin kwanar Graham Hill da tayar baya ta hagu har naji ƙara, amma na duba banga komai ba.

Da daddare maƙwabcina a wajen ajiye motoci yace in ƙara wa baya tauri gaban zai kama. To ni kuma sai zumuɗi ya ɗebe ni, na mayar da sitabilaizar baya ramin da yafi tauri, na ƙara wa shokazoban baya danni biyu, na sauke gaba da milimita 10, na rage iskar tayoyin gaba daga 26 zuwa 23, duk da tocila a baki wajen ƙarfe goman dare.

Asabar wajen tantancewa, wato fitar da ke raba wa kowa wajen tsayawa a layin farawa, 1:00.4 nayi, na 22 cikin 27. A tseren farko zagaye na huɗu ina shiga Paddock Hill, daidai inda titin yake gangarawa, bayan motar ya fita kawai, kafin in tare ta juya na tsinci kaina cikin tsakuwa ina kallon motoci suna wucewa. Alhamdulillah ba wanda ya taɓa ni. Lahadi na mayar da komai yadda na tuna yake amma wlh bata dawo ba, 1:00.1, kuma bayan nata sai rawa yake.

Saura sati uku muje filin tseren Snetterton kuma fam 600 ne a hannuna. Sabbin tayoyi zan saya, ko shokazoba, ko in biya ranar gwaji? Kuma me yasa na mayar da komai bata koma yadda take ba?

Baban 'yan biyu:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara kiyayewa ɗan uwa, na ga yadda kwanar nan take a bidiyo, gangaren ba wasa bane. Ni dai sabbin taya nake gani, duk saitin da zakayi akan tsohuwar taya ɓata lokaci ne.

Tsohon direban Leeds:
Ƙanina sannu da arziki. Na shekara tara ina wannan harka kafin gwiwa ta sa na ajiye, bari in gaya maka gaskiya ko da ba daɗi. Abu huɗu ka canza a dare ɗaya, kuma uku daga ciki hanya ɗaya suke tura motar. Sitabilaizar baya in tayi tauri, nauyin kwana yafi sauka kan tayar baya ta waje, baya ya rage kamu. Shokazoban baya da ka ƙara, shima haka yake yi a lokacin shiga kwana. Sauke gaba kuma ya ƙara wa gaban cizo. Kaga ka magance turewar gaba sau uku, dole baya ya biya. Sannan ka kai ta Paddock Hill, inda ƙasa take guduwa daga ƙarƙashin mota, dama can bayan mota yana rage nauyi a wajen ko da lafiyayyen saiti, in ka ɗan ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar gangaren shikenan.

Kuma ina so ka sake tunani akan turewar nan ta ranar Juma'a. Druids kwana ce mai lanƙwasa kamar ƙugiya kuma hawa ake kafin a iso ta, kusan duk sabon direba da na sani da gudu yake shigarta fiye da kima, ya saki birki gaba ɗaya sannan ya murza sitiyari. Da ka saki birki nauyi ya tashi daga gaba, taya bata da abin da zai danne ta, sai ta ture. Gwada ka shiga da ɗan sauran birki a ƙafarka kana sakinsa a hankali kana murzawa. A Clearways kuma na tabbata da wuri kake taka totur saboda kana hango miƙaƙƙen titi. Mota irin taka bata da ƙarfin injin da zai gyara maka kuskure, duk gudun da ka zubar a kwana ka zubar kenan har ƙarshen layin. Inaga rabin matsalar Juma'a a ƙafarka take ba a sitabilaiza ba, kuma mutumin da yayi 59.6 bai kamata ya kwance motarsa a daren ba.

Injiniya Maman Amira:
Yaya Mai MX-5 kalma ɗaya ce ta tsaya min a rubutunka, "yadda na tuna yake". Baka rubuta ba kenan? Samu littafi ka ajiye a mota, duk fita ka rubuta tsayin kowace kusurwa, dannin shokazoba, ramin sitabilaiza, litar mai nawa, yanayin gari, da iskar taya kafin fita da kuma da zarar ka shigo. Lambar 26 da 23 da ka faɗa ta sanyi ce, taya kuma da zafi take aiki, tana iya ƙara 4 zuwa 6 bayan zagaye kaɗan, kuma a Indy ta gaba ta hagu ita ke shan wahala don haka zata fi sauran hawa. Abin da ake so su daidaita suna da zafi, ba suna sanyi ba. In zaka iya aron ma'aunin zafin taya ka auna ciki da tsakiya da waje, in tsakiya yafi zafi iska tayi yawa, in gefen waje yafi zafi kamba ce bata isa ba, wato jinginar da saman tayar yake yi zuwa ciki. Geji ɗaya kuma zaka riƙe, kada yau naka gobe na maƙwabci.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Slm. Ni ban taɓa zuwa filin tsere ba amma shekarata ashirin da biyu a ƙarƙashin mota, kuma mota mota ce. Alhaji tambaya ɗaya zan maka, ranar Lahadi da ka mayar da komai, bayan yana zamewa ne a kowace kwana ko kuwa sai in ka juya dama?

Mai MX-5:
Oga yanzu da ka faɗa na koma na kalli bidiyon cikin mota. A Graham Hill da Surtees, na hagu kenan, lafiya lau take. Paddock da Clearways ne take tsorata ni, duk na dama. Kuma sitiyarin ya ɗan karkace a miƙaƙƙen titi, na ɗauka idona ne.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
To Alhaji ka ajiye maganar shokazoba tukuna. Sitabilaiza bata san dama da hagu ba, in ita ce da duk ɓangaren biyu zata yi maka. Dakalin nan da ka daka da tayar baya ta hagu shi nake zargi. Motocin nan alaimen ɗinsu da wasu kusoshi ake ɗaure shi masu wanki, wato washa, mai tudu gefe ɗaya, in ka juya kusar hannun ƙafar ya matsa ciki ko waje, to in suka sha duka mai ƙarfi suna iya gocewa ba tare da komai ya lanƙwashe ba, ido bazai gani ba. In bakin tayar bayan hagu ya buɗe yana kallon waje, duk sanda ka juya dama nauyi ya hau kanta sai ta ja bayan motar waje, kamar wani ne yake murza maka sitiyari ta baya. Kullum muna ganin irinsa a motocin da suka faɗa rami, mai mota yazo yace tana yawo a titi.

Ga kuma sauke gaba da kayi ka sake ɗagawa, duk sanda tsayin mota ya canza alaimen ya canza, kuma da wuya ka dawo daidai inda kake da tocila da ƙiyasi. Ka samu waje mai shafaffen siminti, ka ja zare gefe da gefe daidai tsakiyar wili, ka auna daga zaren zuwa gaban rim da bayan rim da rula, duka huɗun. Kafin nan ka ɗaga ta a jak ka girgiza tayar sama da ƙasa, hagu da dama, ka ji ko boris ko bushin ya saki, ka haska hannun ƙasa ka ga ko fenti ya tsage, in ya tsage ƙarfen ya lanƙwashe.

Ɗan Dubai:
Gsky ni ban yarda ace duk laifin alaimen bane, ranar Asabar ai da saitin nan mai tauri ya juya. Ni a nan inda muke zafi ke kashe mana taya, shi yasa nake goyon bayan Baban 'yan biyu. Ka duba lambobi huɗun nan na gefen taya, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara. Taya in ta sha zafi ta huce sau da yawa robar taurare wa take ko da zanenta na nan.

Tsohon direban Leeds:
Ɗan Dubai duka biyun ne suka haɗu masa ranar Asabar, amma Lahadi maganar Oga ce, na sara masa, ni ban kawo dama da hagu a raina ba. Ƙanina game da kuɗin nan, kada ka sayi shokazoba, baka gama sanin wanda kake da shi ba. Fara da alaimen wajen masu saita motocin tsere, kana zaune a ciki ko a ɗora nauyinka a kujera, da rabin tanki. Sauran ka biya gwaji ko na rabin yini ne. Snetterton kusan mil 3 ce, shimfiɗaɗɗiya, da dogayen layuka, tayar da ta karkace tana rage gudu a miƙe, kuma Riches da Coram duk na dama ne masu gudu, Coram doguwa ce ka daɗe a jingine kan tayar nan ta hagu, bana son ka shige ta da motar a haka. A gwajin ka fita zagaye biyar da saitin Juma'a, ka shigo, ka canza abu ɗaya tak, ka sake fita biyar. In bai yi ba ka mayar kafin ka taɓa wani. Ka kuma duba littafin dokokin gasarku kafin ka sake sauke ta, da yawa suna da iyakar tsayi, kar ka gama tsere a cire ka wajen awo. In aka yi ruwa kuwa sassautawa ake, wasu cire sitabilaizar bayan suke gaba ɗaya.

Mai MX-5:
Jama'a na gode Allah ya saka da alheri. Yau bayan la'asar na ja zaren a garejin wani abokina. Tayar baya ta dama bakinta ya shigo ciki da milimita 1 yadda aka saita tun farko, ta hagu kuwa ta buɗe waje da kusan milimita 3, kuma da na leƙa na ga sawun inda wankin kusar yake zaune da, wani ɗan zobe mai haske a cikin datti, ya goce daga wajen. Boris lafiya, hannun ma banga tsagewar fenti ba. Gaban kuma hagu yafi dama tsayi da milimita 4, aikina ne na ranar Lahadi. Tayoyin 1922 ne a jikinsu, na 2022 kenan, zasu kai ni Snetterton amma daga nan sai canji. Na kama layin alaimen ranar Alhamis, na kuma sayi littafin Maman Amira. Oga Bakanike, ya zanyi kusar nan kar ta sake gocewa?

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Madalla Alhaji. In kusoshin tun na 1991 ne ka saya sababbi da notinansu, basu da tsada, tsofaffin haƙoransu sun gaji basa riƙewa. A ɗaure su motar tana tsaye da nauyinta akan tayoyi ba a rataye a jak ba, in ba haka ba bushin zai murɗe ya yage, kuma da sufana mai awo gwargwadon yadda littafin motar ya ce. In an gama ka sa farin fenti ka ja layi ɗaya daga kan wankin zuwa jikin ƙarfen, kowace kusa. Duk sanda ka hau dakali ka shigo, ka durƙusa da tocila ka duba layin kafin ka taɓa komai.