Furen lupin a bayan gida: in dasa ko in sayi iri?

Maman Hanif: Salamu alaikum 'yan uwa. Bayan gidanmu a Albany, jihar New York, yashi ne zalla, ciyawa ta ƙi kamawa. A watan Mayu na ga lupin na daji, mai shuɗin fure, ƙarƙashin itatuwan pine da oak a Pine Bush, wani daji da ake karewa a nan Albany. Maƙwabciyata ta ce in ɗebi nata in dasa, ni kuma ina tunanin sayen iri. Wanne ya fi?

Ɗan Zinder: Kada ki kuskura ki tona komai a Pine Bush, an hana.

Maman Hanif: Malam, na maƙwabciya na ce fa.

Baban Ummi: Ni an cuce ni. Ummi ta matsa sai mun shuka saboda malam-buɗe-littafin nan Karner, wanda tun 1992 yake cikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu a Amurka, tsutsarsa kuma ganyen lupin na daji take ci. Na je wani shago, dala 18 kowace tukunya. Da ya yi fure sai ga ja, ga rawaya, ashe na kwalliya ne ɗan aure. Na koma da rasit, yaron ya ce lupin lupin ne. Wanda ya rage barewa ta cinye cikin dare. Yarinya ta yini kuka.

Hajiyar Toledo: Dala 18? Fakitin iri dala 4 na saya. Ki goge 'ya'yan da sanfefa, ki shuka da kaka sanyi ya bi ta kansu. Saiwarsa doguwa ce, in kin tone babba mutuwa yake yi. Shekarar farko ganye kawai za ki gani.

Ɗan Zinder: Dala 9 na gani. Kuma Hajiya, shawarar Ohio ba ta aiki a New York.

Hajiyar Toledo: Ɗana, yankin Oak Openings da ke kusa da mu a Toledo, jihar Ohio, yashi ne irin na Albany, lupin ɗin ma iri ɗaya. Kai da ke hawa na biyar a Bronx me ka taɓa shukawa?

Na Kurmi: To ana miya da shi? In ba a yi, a shuka rama.

Hajiyar Toledo: 'Ya'yansa da guba, a kula da yara.

Baban Ummi: Ki fara tambayar ƙungiyar masu gidajen unguwarku. Tamu takardar tara ta aiko min, wai ban aske gaban gida ba.

Na Kurmi: Mu kan igiyar shanya aka ci mu tara. Wa ya san yadda ake ƙalubalantarsu?