Waifa na tashi da kanta, wai BCM ne

Direban Kudai: Assalamu alaikum 'yan zaure. Motar nan ta sa ni a gaba. Tun ranar Talata waifa ke tashi da kanta, ƙofofi su kulle su buɗe ina cikin tafiya, siginar hagu yau ta kama gobe ta ƙi. Da asubar nan batir ya kwana a mace, ga mutum tara na jira in kai su Tan'im su ɗau harami. Wani kahrabayi, wato mai gyaran wutar mota, ya sa mata kwamfuta ya ce BCM ne, akwatin da ke sarrafa waifa, fitilu da makullan ƙofa, a sayo wani. Ina zan samu mai kyau, kuma wa zai ɗaura mini ba tare da ya ƙarasa ta ba?

Baba na Misfala: Wa alaikumussalam. Allah ya sawwaƙe. Tsohuwar ko sabuwar?

Direban Kudai: Tsohuwar, Baba, ta 2016. Sabuwar ai ta kafili ce, maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa.

Ɗan Fagge: Waifa a Makka cikin wannan zafin? Wannan ruƙiyya take so, ba kwamfuta ba.

Rewayan Kilo 14: Wace lamba kwamfutar ta fitar? Ya nuna maka ko da baki kawai ya faɗa? Mai farawa da P ta inji ce da giya, B ta jikin mota ce, U kuma ta layin da kwamfutocin ke magana da juna. In U0140 ce, abin da take cewa kawai sauran kwamfutocin sun daina jin BCM. Ba ta ce ya mutu ba. Wuta ce ba ta kai masa, ko as, wato wayar da ke haɗe da ƙarfen jikin mota, ya saki, duk wannan lambar za ka gani.

Direban Kudai: Wallahi ban gani ba, Oga. Ya juya allon wajensa.

Alhaji Mai Jigila: Ɗan'uwa, kafin ka fitar da riyal ɗaya saurari abin da ya same ni. Kun tuna ruwan Jidda na Nuwamban 2022, ranar Alhamis ɗin nan da aka rufe makarantu, har hanyar Makka ta tsaya. Ni da taurin kai na kutsa da kaya a baya, ruwa ya shigo har kafet. Motar ba ta mutu ba, na ce alhamdu lillahi. Sai bayan kamar mako uku ta fara irin naka: hon ya yi ƙara da tsakar dare, fitilar ciki ta ƙi mutuwa, gilashin direba ya sauka ya ƙi hawa. Na farko da na kai wa ya ce BCM. Na tafi tashlihi, inda ake sayar da kayan motocin da aka farfasa, a Biriman ta Jidda, aka ciro mini daga mota irin tawa sak, launi ma ɗaya. Riyal 850 na bayar, ban nemi takarda ba, ban yi sharaɗin dawowa da shi ba. Aka ɗaura, soket ya shiga daidai, amma mota ta ƙi tashi gaba ɗaya. Fitilar makulli sai ƙiftawa take a dashbod. Ashe a irin tawa sai an yi barmaja, wato an saita akwatin BCM ɗin da kwamfuta, ya san makullin, kuma haruffa biyu na ƙarshen lambar da ke jikinsa ba su yi daidai da nawa ba, na mai ƙofar gefe ta lantarki ne. Na koma, mutumin ya ce kayan wuta ba a mayarwa. Na biya satha, motar ɗaukar mota, ta ɗauke ta zuwa wani wuri. Dattijon da na tarar a can bai ko taɓa kwamfuta ba da farko. Ya ɗaga kafet, soson da ke ƙasa har lokacin da danshi, ya nuna mini kusar da wayoyin as suke haɗuwa, ta yi tsatsa ja wur, ya zare babban soket, ƙafafu uku sun yi kore kamar gansakuka. Ya goge, ya canza ƙafafun, ya mayar da tsohon akwatina. Shi ne a motar har yau. Na tashlihin yana nan cikin kwali a ƙarƙashin gado, uwargida kullum sai ta tambaye ni ko rediyo ne.

Bazazzagi: Alhaji sayar wa Ɗan Fagge, Bakano ba ya ƙin araha ko da ba ta aiki.

Ɗan Fagge: Mu muke sayar muku, ku kuke saye. Ka biya ni kuɗin tayar nan tukuna.

Bazazzagi: Tayar da ta fashe kafin in kai Bahra?

Shugaban zaure: Ku biyun nan ku koma gefe don Allah. Bawan Allah na da matsala.

Rewayan Kilo 14: Abin da dattijon nan ya yi shi ne aikin. Direba, fara da batir. A kashe ya nuna wajen volt 12.6, in mota na aiki tsakanin 13.5 da 14.5. Dinamo in ya fara wasa da wuta, duk kwamfutocin sai su rikice, ka rantse aljanu ne. Sannan fiyus, sannan as. Batun kwanan batir kuma, a cire kan da ba wuta, a sa mita tsakani, a rufe komai a jira kamar rabin awa motar ta yi barci. Bai kamata ta wuce miliamfiya 50 ba. In ta wuce, a riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya har a ga wanda ya sauke ta. Akwai kuma soket ɗin kwamfuta mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari: a cire batir a auna tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14, ya ba da om 60. In ya ba da 120, layin ya yanke a wani wuri.

Ƙaramin cikinku: Yaya ni duk wannan lissafin ya wuce ni. Nawa ake cika gas ɗin AC yanzu?

Baba na Misfala: Kai kuma jira layinka.

Mai Kayan Aziziyya: Ni dai wakala, wato kamfanin dillalin motar, na kai tawa. Da tsada, kwana shida ta yi, amma sabo suka sa da lambar shasi, da garanti, ban sake komawa ba.

Ɗan Fagge: Kwana shida a lokacin Umara? Yara su ci garantin?

Mai Kayan Aziziyya: Alhaji kwana nawa ya yi yana yawo da satha?

Alhaji Mai Jigila: Goma sha ɗaya. Kada ka tuna mini.

Rewayan Kilo 14: In ta tabbata ya ƙone, na tashlihi ma yana yi. Amma ka je da tsohon a hannu, lamba ta zo ɗaya harafi da harafi, a rubuta maka sharaɗin gwaji, ka tafi da duk makullanka wajen barmaja. Kada ka yar da tsohon, masu kwamfutar gwaji irin Autel da Launch wani lokaci daga cikinsa suke kwashe bayanai su zuba a sabon. Kuma a cire batir kafin a taɓa soket. Tambaya: an yi maka wani ƙari a motar kwanan nan?

Direban Kudai: Watan jiya an sa mini allo da kyamarar baya, da na'urar bin sawu.

Rewayan Kilo 14: To fa. A ina ya ɗauki wutar?

Direban Kudai: Can ƙarƙashin dashbod na ga ya fere wata waya ya naɗe da salatif.

Bazazzagi: Inna lillahi.

Baba na Misfala: Ku kuma daina bari yaran magsala, masu wankin mota, suna sa tiyo a ciki. Na sha faɗa a nan.

Direban Kudai: Yanzu na sauka na taɓa kafet ɗin gefen fasinja. A jiƙe yake sharkaf, kuma ban wanke ta ba tun Juma'a.

Rewayan Kilo 14: Bututun da ruwan AC ke fita ne ya toshe, yana zubowa ciki. Cire kan batir yau da dare. Gobe bayan La'asar ka kawo ta, kada ka sayi komai tukuna.

Direban Kudai: In sha Allah, Oga. Wa ke da wuri ya ɗaukar mini mutum tara ɗin nan bayan Isha'i?

Ɗan Fagge: Turo su. Kashi nawa ne nawa?

Ƙaramin cikinku: Gas ɗin fa?