Neman shawara: Ta yaya zan auna aikin farfesan injiniyancin manhaja kafin in nemi ya duba min digiri na uku?

Hadiza: Assalamu alaikum, malamaina. Na kammala digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta, ina son in yi na uku a fannin gwajin manhaja. Akwai wani farfesa a ƙasar waje da nake son in rubuta wa. A Google Scholar ma'aunin h ɗinsa 41 ne, a Scopus kuma 27 na gani. Wanne ne daidai? Kuma wannan lamba ta isa in dogara da ita?

Malam Nura: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Duk biyun daidai ne, kowa abin da ya tara yake ƙirgawa. Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, shi ya fito da ma'aunin a 2005. Idan an ce h ɗin mutum 27 ne, yana da takardu 27 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 27 a cikin wasu takardun bincike. Google Scholar yana kwasar duk abin da ya tarar a intanet, har kundin ɗalibai da takardun da ba a tantance ba da masana ke ɗorawa a rumbun arXiv. Scopus na kamfanin Elsevier kuwa zaɓaɓɓun mujallu da taruka yake ƙirgawa, shi ya sa lambarsa take ƙasa. Kada ki gwada lambar Google ta wani da ta Scopus ta wani.

Dokta Maryam: Hadiza, lambar nan ba ta sauka. Ko mutum ya daina bincike shekara goma, h ɗinsa na nan, har ƙaruwa yake. Takardar Thomas McCabe ta 1976 kan sarƙaƙiyar manhaja har gobe ana ambatonta. Ke kuma abin da kike bukata shi ne mai aiki yanzu.

Ki fara da shafinsa na Google Scholar: a gefen dama akwai layi biyu, na duka shekaru da na shekara biyar ɗin baya. Na biyun ki duba. Daga nan ki buɗe DBLP, rumbun da aka fara a Jami'ar Tiriya ta Jamus a 1993, wanda yake jera takardun masana kwamfuta shekara-shekara. A nan za ki ga inda yake bugawa, kuma wannan ya fi adadi muhimmanci. A fanninmu manyan taruka suna da nauyi kamar mujallu: ICSE, FSE, ASE, sai ISSTA da ya shafi gwaji kai tsaye. A mujallu kuma TSE ta IEEE, TOSEM ta ACM da EMSE ta Springer. Taron da ba ki sani ba, ki neme shi a jadawalin CORE na Ostareliya, mai jera taruka bisa daraja, inda ICSE yake matakin A*, wato mafi girma. Ki lura kuma, wata takardar a ƙaramin zaman gefen taro aka gabatar da ita, shafi huɗu kacal, amma sunan babban taron na jikinta.

Sai ki buɗe takardu biyar da aka fi ambata. Takardun bitar nazarce-nazarce da na jagora suna tara ambato fiye da kima, kamar jagoran Barbara Kitchenham da Stuart Charters na 2007, domin duk mai yin bita sai ya ambace shi. Aiki ne mai daraja, amma idan duk ambaton mutum daga irinsu ya fito, bai nuna miki ƙarfinsa a gwajin manhaja ba.

Injiniya Kabiru: Ƙari kan bayanin Dokta. Scopus yana da wurin cire ambaton da mutum ya yi wa kansa. Ki danna ki ga ko lambar ta faɗi sosai. Ki kuma tabbatar ba a cakuɗa masa takardun mai irin sunansa ba, lambar ORCID mai alƙaluma 16, wato lambar shaidar mai bincike, ita ce ke raba gardama.

Hadiza: Na gode, Allah ya ƙara ilimi. To ta ina zan gane yadda yake riƙe ɗalibai?

Dokta Maryam: Daga jerin sunaye. A fannin nan yawanci wanda ya yi aikin ne a farko, mai dubawa a ƙarshe. Ki ɗauki ɗalibansa uku da suka kammala, ki ƙirga a DBLP takardu nawa kowanne ya fito a farko, da shekaru nawa tsakanin takardarsa ta farko da kundinsa. Ki duba ko sun ajiye bayanai da manhajar gwajin a shafukan ajiya na GitHub ko Zenodo, ki sauke ɗaya ki gwada ko tana tashi. Idan ta tashi, ki ambaci abin da kika gani a wasiƙar da za ki aika masa.