Ɗakin taron gaggawa a cikin sito, yaya za mu tsara shi?

Ɗan Kusuri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ambaliyar 2024 da kogin Logon ya cika ya shiga gidaje, kwamitin unguwarmu ke neman wurin zama. Yanzu wani Alhaji ya ba mu kusurwa a sitonsa na hatsi. Rufin kwano ne, babu silin, taga ɗaya tak. Jiya mun zauna mu tara a kan buhunan dawa, ƙura ta sa Malam tari har ya fita. Ta ina zan fara?

Baba na Marwa:
Wa alaikumus salam ɗana. Zafi ne babban abokin gabarka. A watan Afrilu kwanon nan ba ya zaunuwa da rana. Ku shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa, ku kewaye kusurwar da katako saboda ƙura. Kuma ku tambaya ko ana sa wa hatsin maganin ƙwari. In an sa, kada kowa ya zauna ciki sai wurin ya sha iska.

Hajiya daga Garwa:
Ƙanena, ɗaga komai sama. Sola, batir da rajistar sunaye su hau kanta, kada ruwa ya cim musu.

Ɗan Kusuri:
Na gode Baba, maganin ƙwarin bai zo mini a rai ba. Gobe zan tambayi mai gadi.