Gwajin Ciwon Hanta da Na'ura: Abin da Tattaunawar Ta Tsayar

A wata tattaunawa da aka yi kan gwajin ciwon hanta da na'urar gwajin jini, magana ta fi tsawo a kan ciwon hanta nau'in C. Na'urar tana gano sinadaran garkuwar jiki ne, ba ƙwayar cutar kanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu jikinsu ke kawar da cutar cikin wata 6, amma alamar garkuwar tana nan a jini. Don haka kada a ce wa mutum yana da cutar sai gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar cutar kanta a jini, ya tabbatar. Wannan shawara ta fi kwanta mini a rai, domin takardar sakamako guda tana iya hana iyali barci.

An kuma yi lissafi: idan mutum 1 cikin 100 ke ɗauke da alamar, na'ura mai kuskure sau 1 cikin 100 za ta nuna kusan mutum 20 cikin 1,000 suna da alamar, rabinsu lafiyarsu ƙalau.

Sakamakon da ya tsaya dab da iyakar da ta raba mai alamar da marar ita, a sake gwajinsa. Sabon kamu da masu wankin ƙoda na iya kuɓuce wa gwajin. Kullum a fara da samfurin jinin da aka san sakamakonsa, don a tabbatar na'urar tana aiki daidai.